Roosevelt a Yalta: Inda Hawan Jini Ya Taɓa Sulhun Yaƙi da Inda Bai Taɓa Ba

Ranar 8 ga Fabrairun 1945, kwana na biyar da buɗe taron Yalta a Kirimiya, inda shugabannin Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka zauna tsara ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Dokta Howard Bruenn yana auna Shugaba Franklin Roosevelt na Amurka sai ya ji abin da bai taɓa ji ba a wata goma da ya yi yana duba shi. Bugu ɗaya ya zo da ƙarfi, na biye da shi ya zo a raunane, haka suke ta karɓa-karɓa. Duk likitan zuciya ya san fassarar wannan: ɓangaren hagu na zuciya, mai tunkuɗa jini zuwa sassan jiki, ya gaji har ba ya iya matsa biyu a jere da ƙarfi ɗaya. Bruenn ya rubuta cewa fuskar shugaban ta koma launin toka. Nan take ya hana a shigar masa da baƙi kafin tsakar rana, ya sa aka ware masa awa guda ta kwanciya kafin zaman la'asar. Bayan kwana biyu bugun ya daidaita.

A duba abin da zuciyar nan ta ɗauka a wunin. Da misalin ƙarfe uku da rabi Roosevelt ya keɓe da Stalin, shugaban Sobiyet, cikin rabin awa suka tsayar da ladan da Tarayyar Sobiyet za ta karɓa in ta shiga yaƙi da Japan. Daga nan aka shiga babban zaure, aka yi ta ja-in-ja kan gwamnatin Polan har dare. Ƙarfe tara kuma ga liyafar Stalin a fadar Yusupov, inda aka ɗaga kofi sau 45. Kwana 63 bayan wannan rana Roosevelt ya rasu.

Tun daga nan aka rabu gida biyu. Abokan hamayyarsa a Amurka suka ce majinyaci aka tura, Stalin ya yi masa wayo ya kwashe Gabashin Turai. Masoyansa suka ce ciwon bai taɓa komai ba. In aka jera takardun taron da na likita gefe da gefe, kowane ɓangare ya ɗan kauce. Iyakar Polan tankokin Rasha ne suka ja ta. Abin da ciwon ya ci shi ne lokaci: awannin karatu kafin taro, haƙurin tsayawa a kan kalma guda cikin yarjejeniya, ƙarfin bin diddigi bayan an watse, da damar shirya magaji.

Abin da ke cikin fayil ɗin likita

Roosevelt ba baƙon jinya ba ne. Tun Agustan 1921, yana ɗan shekara 39, ciwon da likitocinsa suka ce shan inna ne ya kashe masa ƙafafu, ya kuma ƙware wajen ɓoyewa. 'Yan jarida ba sa ɗaukarsa hoto a keken guragu. In zai yi jawabi a tsaye sai an ɗaura masa ƙarafa a ƙafa ya dafe mumbari. A kan wannan tsohuwar al'ada ta rufa-rufa aka ɗora sabon ciwon.

Da ya dawo daga taron Tehran a Disambar 1943 mura ta kama shi, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga ciwon kai, ga gyangyaɗi a tsakiyar aiki. Likitan fadarsa, Admiral Ross McIntire, gwani ne a kan kunne da hanci da maƙogwaro, can kuma hankalinsa ya fi karkata. 'Yar shugaban, Anna, ita ta matsa sai an yi cikakken bincike. A ƙarshen Maris 1944 aka kai shi asibitin sojan ruwa na Bethesda, aka miƙa shi ga Bruenn, likitan zuciya. Awon jini ya nuna 186 bisa 108. Hoton ƙirji ya nuna zuciya ta faɗaɗa, musamman ta hagu. Akwai alamar ruwa a ƙasan huhu, leɓɓa da farata sun yi shuɗi-shuɗi. Hukuncin Bruenn: hawan jini, ciwon zuciyar da hawan jini ya haifar, da gazawar zuciya.

Ga yadda abin ke tafiya. Idan matsin jini ya daɗe a sama, zuciya tana turi kamar mai famfo a bututun da ya tsuke. Tsokarta ta yi kauri, daga baya ta saki, jini ya riƙa taruwa a huhu, iskar da ke isa ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi ta ragu. A lokaci guda ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna taurarewa. Irin wannan majinyaci hankalinsa ba ya gushewa gaba ɗaya. Yana da awanni masu kyau da marasa kyau, ya yi kaifi da safe ya yi laushi da yamma, ko ya farfaɗo in magana ta ɗau zafi sannan ya faɗi warwas bayan an tashi. Wannan shi ya sa shaidun Yalta suka saɓa wa juna ba tare da wani ya yi ƙarya ba. Lord Moran, likitan Firaministan Birtaniya Churchill, ya gan shi baki sake yana kallon iska, ya ce 'yan watanni suka rage masa. Charles Bohlen, tafintansa, wanda ya zauna kusa da kunnensa a kowane zama, ya ce jikin ya yi sanyi amma duk lokacin da aka zo gaɓa mai muhimmanci hankalinsa garau yake.

Magani a 1944 bai taka kara ya karya ba. Ƙwayoyin saukar da hawan jini na sha, irin masu sa fitsari da ake rubutawa yau, sai ƙarshen shekarun 1950 suka fito, kuma likitoci da yawa na lokacin suna ɗaukar hawan jinin dattijo a matsayin abin da ya zo da shekaru. Abin da Bruenn ke da shi: dijitalis don ƙarfafa bugu, ƙwayar kwantar da hankali, rage gishiri, rage ƙiba, rage sigari daga kara 20 ko 30 zuwa biyar ko shida, sai hutu. Dijitalis ya yi aiki, cikin mako biyu huhu ya washe. Matsin jinin kuwa ko gezau. A Satumba an auna 240 bisa 130, alhali yau wanda ya haura 180 bisa 120 ɗakin gaggawa ake nufa da shi. Cin abinci ya ragu, ya zubar da kusan kilo goma, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Jadawalin da aka tsara masa shi ne abin lura ga mai nazarin diflomasiyya: ofis daga sha ɗaya zuwa ɗaya, abinci, kwanciya, ofis daga uku zuwa biyar, tausa, babu aikin dare, barcin awa goma. Awa huɗu ke nan a rana ga mutumin da ke jan ragamar soja kusan miliyan goma sha biyu a tekuna biyu. Bai riƙa bin jadawalin sau da ƙafa ba, amma ma'aunin ke nan. Daga 9 ga Afrilu zuwa farkon Mayu, ana tsakiyar shirin tsallaka wa Faransa, yana gidan gonar Bernard Baruch a Karolina ta Kudu yana hutu.

McIntire ya ci gaba da gaya wa 'yan jarida cewa tari ne kawai. Bruenn ya ce shugaban bai taɓa tambayarsa ko ƙwayoyin nan na mene ne ba. Ranar 10 ga Yulin 1944, Dokta Frank Lahey na Boston, ɗaya daga cikin likitocin da aka tuntuɓa, ya rubuta takardar sirri cewa ya shaida wa McIntire bai ga alamar shugaban zai iya kammala wani wa'adi ba, in kuma ya tsaya to zaɓen mataimaki babban nauyi ne a wuyansa. Washegari Roosevelt ya sanar zai tsaya karo na huɗu. Manyan jam'iyya suka sauke Henry Wallace suka ɗora Sanata Harry Truman, sun san abin da suke yi. Shi Truman ɗin ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa komai.

Gwajin farko a Kwibek

Alamar farko a fagen diflomasiyya ta fito ne a taron Kwibek na Satumbar 1944, wanda Roosevelt ya yi da Churchill a Kanada, makon da aka auna 240 bisa 130. Sakataren kuɗi Henry Morgenthau ya zo da shirin rushe masana'antun Ruhr da Saar, a mayar da Jamus ƙasar noma da kiwo. Churchill ya fara ƙi, sannan ya sauko, don Birtaniya na neman tallafin Amurka na bayan yaƙi. Ranar 15 ga wata su biyun suka sa hannu, babu sakataren harkokin waje Cordell Hull a wurin, babu na yaƙi Henry Stimson. Cikin kwanaki labari ya fita a jaridu, Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya samu abin da yake nema: ga abin da ke jiranku in kun ajiye makami. Ranar 3 ga Oktoba Stimson ya karanta wa Roosevelt jimlar da ya sa wa hannu. A littafin ajiyarsa Stimson ya ce shugaban ya kaɗu, ya ce bai san yadda aka yi ya sa hannu a wannan ba, da alama bai yi dogon tunani ba.

Nan sai a yi hattara. Roosevelt tsohon ɗan siyasa ne da ya iya zamewa daga abin da ya zama masa ƙarfen ƙafa, yana yin haka tun yana da lafiya. Ko mantuwa ce ko zamiya, tsarin da ya haifar da kuskuren ɗaya ne: takarda ta iso ta hannun wanda ya samu shiga cikin 'yan awannin nan, ba ta bi ta ma'aikatun da suka san lamarin ba, aka sa hannu.

Tafiyar da 'yan rakiyar

Wurin taro ma ciniki ne, kuma Stalin ya ci shi tun kafin a zauna. Roosevelt ya kawo Sikotlan, ya kawo wurare a Bahar Rum. Stalin ya ce likitocinsa sun hana shi doguwar tafiya, ga kuma fagen daga da yake jagoranta. Mai ƙarfin jiki ya fake da likita, mai ciwon gaske ya kasa, don ambaton likita a bakinsa tona asiri ne. Roosevelt shi ne ƙaraminsu, ya cika 63 a cikin jirgi, Stalin na da 66, Churchill 70.

Ranar 23 ga Janairu ya tashi a jirgin ruwan yaƙi Quincy, kwana goma a teku, kusan kilomita 8,000 zuwa Malta. Daga nan jirgin sama cikin dare, awa bakwai zuwa filin Saki a Kirimiya, sannan mota ta kusan awa biyar a hanyar duwatsu mai tsawon kilomita 130 cikin sanyin hunturu. Stalin jirgin ƙasa ya hau daga Mosko. An dai yi masa sassauci biyu: duk manyan zama takwas a fadar Livadia aka yi su, inda ya sauka, kuma yawanci sai la'asar ake farawa.

Kwanaki goman teku su ne damar karatu. Ma'aikatar harkokin waje ta haɗa kundin bayanai a kan kowace matsala. James Byrnes, mashawarcinsa da ke cikin jirgin, ya rubuta daga baya cewa bai ga alamar shugaban ya yi wani shiri sosai ba. Yawanci yana ɗakinsa yana hutawa da mura. A Malta sakataren harkokin wajen Birtaniya Anthony Eden ya so a daidaita baki tsakanin Amurka da Birtaniya kafin a fuskanci Rasha, ya kasa ko kusantar maganar, har ya yi wa Harry Hopkins ƙorafi cewa za a shiga taron yanke hukunci ba a ma shirya abin da za a tattauna ba. Rabin dalilin siyasa ne, Roosevelt ba ya so Stalin ya ga an haɗe masa kai. Rabin kuwa gajiya.

Waɗanda ya kamata su cike giɓin su ma ga halin da suke ciki. Hopkins, amininsa da ya fi kowa sanin cikinsa, an yanke masa yawancin tumbi tun 1937, a Yalta daga gado yake tasowa ya halarci zama ya koma gado. Hull ya ajiye aiki a Nuwamba saboda rashin lafiya, magajinsa Edward Stettinius wata biyu kacal ya yi a kujera. Janar Edwin Watson, mai tsara masa baƙi, ya rasu a cikin Quincy a hanyar dawowa. Churchill da kansa da zazzaɓi ya sauka Malta, sai dai shi yana da Eden da gogaggun ma'aikata da ke riƙe takardu.

A teburin

A fara da abin da ciwon bai taɓa ba, don ya fi girma. Ranar da aka buɗe taro sojojin Sobiyet suna bakin kogin Oder, kimanin kilomita 70 daga Berlin. Sun karɓe Warso tun 17 ga Janairu, Mosko ta riga ta amince da 'yan kwaminis na Lublin a matsayin gwamnatin Polan. Sojojin Amurka da Birtaniya kuwa ba su tsallake kogin Rhine ba, yanzu suka farfaɗo daga farmakin Jamus na Ardennes. Matsar da iyakar Polan zuwa yamma kuma, Roosevelt ya amince wa Stalin da shi a keɓe tun ranar 1 ga Disambar 1943 a Tehran, ya ce dai ba zai faɗa a fili ba saboda ƙuri'un Amurkawa 'yan asalin Polan. Wata huɗu ke nan kafin Bruenn ya fara ganinsa. Churchill, wanda ba a bakin kabari yake ba, shi ya miƙa wa Stalin 'yar takardar kason tasiri a Oktoban 1944: Romaniya kashi 90 na Rasha, Girka kashi 90 na Birtaniya.

Abubuwa biyu Roosevelt ya je nema, ya kuma samo su. Ranar 7 ga Fabrairu Rasha ta karɓi tsarin ƙuri'a na Kwamitin Sulhu da Amurka ta kawo, wanda ya ba manyan ƙasashe kujerar na-ƙi amma bai ba su ikon hana a tattauna ƙara ba, ta kuma sauko daga neman kujeru 16 a Majalisar Ɗinkin Duniya zuwa ƙarin biyu, na Yukren da Belarus. Na biyu, alkawarin shiga yaƙin Japan wata biyu ko uku bayan faɗuwar Jamus. Hafsoshinsa ne suka nemi haka a rubuce, suna lissafin yaƙin Japan zai ƙara wata 18, bam ɗin nukiliya kuma ba a gwada shi ba sai 16 ga Yuli. A watan na Fabrairu sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da dubban 'yan Arewacin Najeriya, suna dazukan Arakan a Bama suna fafatawa da Japan. Duk wanda ke da ɗa a can ya san darajar ƙarin abokin yaƙi. Stalin ya cika wannan alkawari ranar 8 ga Agusta, wata uku cif. A batun Polan ma Roosevelt bai yi barci ba. A daren 6 ga wata ya aika wa Stalin wasiƙa cewa a kira shugabannin Polan na ɓangarorin biyu su zo Yalta a sasanta a gabansu. Stalin ya ce an nemi mutanensa a waya ba a same su ba.

Sawun gajiya a cikin ƙananan rubutu yake. Ɗauki zaman rabin awar nan na 8 ga wata. Stalin ya nemi kudancin Sakhalin, tsibiran Kuril, hayar Port Arthur, hannu a tashar Dairen da layukan dogo na Manchuriya. Sakhalin ta kudu Japan ta ƙwace ta ne a yaƙin 1905, mayar da ita na da hujja. Kuril kuwa ta hanyar yarjejeniyoyin 1855 da 1875 suka zama na Japan, ba da yaƙi ba, kuma akwai takardar ma'aikatar harkokin waje da ta ba da shawarar a bar wa Japan na kudu. Roosevelt ya haɗa su a ƙunshi ɗaya ya ce babu matsala. Har yau Rasha da Japan ba su sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ba saboda tsibirai huɗu na kudancin Kuril. Da ministan harkokin wajen Sobiyet Molotov ya kawo daftari, jakadan Amurka a Mosko Averell Harriman ya ci gyaran wasu wurare, amma ya nuna damuwa da jimlar da ta ce za a kare muradun Sobiyet masu fifiko a Manchuriya, ƙasar Sin ke nan, ba a kuma tambayi shugabanta Chiang Kai-shek ba. Roosevelt bai ga dalilin ja a kan kalma ba. Stettinius ba a sa shi a cinikin ba sam, takardar kuma aka kulle ta a akwatin sirri na fadar shugaban ƙasa.

Polan an tattauna ta a zama bakwai cikin takwas. Abin da aka fito da shi: za a sake fasalin gwamnatin da ke nan a kan faffaɗan tushen dimokuraɗiyya, a shigo da wasu daga ciki da waje, a yi zaɓe na gaskiya da wuri. Ba a faɗi kujeru nawa ba, ba a faɗi wa zai zaɓi sunaye ba, ba a sa rana ba. Amurka ta zo da sharaɗin jakadu su sa ido su ba da rahoto a kan zaɓen, wanda shi ne haƙori ɗaya tilo a takardar. Ranar 10 ga wata ta janye shi ba tare da ta daidaita da Birtaniya ba, sai Churchill ne ya roƙo wata jimla mai laushi a madadinsa. A ranar ce kuma Roosevelt ya sanar cewa gobe ƙarfe uku zai tafi, yana da alkawari da sarakuna uku a Masar. Churchill ya yi ƙorafi, a banza. Mai ciniki da ya faɗi lokacin tashin motarsa ya riga ya rage wa kansa farashi. Admiral William Leahy, babban mashawarcinsa kan harkar soja, ya karanta daftarin ya ce wannan roba ce, Rasha za ta ja ta daga Yalta har Washinton ba ta tsinke ba. Roosevelt ya amsa cewa ya sani, iyakar abin da zai iya yi wa Polan ke nan a yanzu.

Ko ƙarin kwana uku da tsayayyar kalma za su ba Polan zaɓen gaskiya? Da wuya ƙwarai, sojan Stalin ne a kowane gari. Amma da sun bar wa magajinsa takardar da ba ta da fassara biyu, kuma rigimar watannin da suka biyo baya kusan duk a kan fassara aka yi ta.

Kwana sittin na ƙarshe

Nan ne ɓarnar ta fi yawa, nan ne kuma aka fi yin shiru a kai. Salon Roosevelt shi ne ya bar magana a buɗe, ya gaya wa kowa abin da zai kwantar masa da hankali, ya riƙe zaren duka a kansa da niyyar ƙulla su daga baya. Salo ne na mai dogon kwana.

Ranar 13 ga Fabrairu ya karɓi Sarki Faruk na Masar da Sarki Haile Selassie na Habasha a kan Quincy a mashigin Suwes. Washegari Sarki Abdul'aziz na Saudiyya ya iso daga Jidda a jirgin yaƙin Amurka, da tanti a saman jirgi da tumakin yanka. Roosevelt ya ga sarkin na fama da ƙafa ya ba shi keken guragunsa na ajiya. Ya kuma daure bai sha sigari a gabansa ba, sai da ya tsayar da lifta a hanyar cin abinci ya zuƙi kara biyu. A kan Falasɗinu ya yi alkawarin ba zai yi abin da zai cuci Larabawa ba, kuma ba za a yanke hukunci ba sai an tuntuɓi Larabawa da Yahudawa. Ranar 16 ga Maris ya ba Rabbi Stephen Wise, wani jagoran Yahudawan Amurka, izinin sanar da cewa yana nan a kan goyon bayansa ga 'yan Sahayoniya masu neman kafa ƙasar Yahudawa a Falasɗinu. Ranar 5 ga Afrilu ya sa hannu a wasiƙar tabbatar wa Abdul'aziz alkawarinsa. Yadda ya yi niyyar haɗa biyun ya tafi da shi kabari bayan mako guda.

Ranar 1 ga Maris ya yi wa majalisa jawabi a zaune, karo na farko, ya nemi afuwa da cewa ya fi masa sauƙi a kan ɗaukar ƙarafa a ƙafa. Ya yi ta fita daga rubutu. Ya ce taron bai taɓa yaƙin Japan ba, bai ambaci ƙarin kujerun Sobiyet ba, sai da jarida ta tono su a ƙarshen wata. Ya zana Yalta da kyan da ya wuce abin da ke takarda, wanda hakan ya sa abin da ya biyo baya ya zama kamar cin amana tsagwaronsa.

Abubuwa kuwa suna ta lalacewa. Ranar 6 ga Maris Vyshinsky, mataimakin Molotov, ya tilasta wa Sarki Michael na Romaniya naɗa gwamnatin Petru Groza mai biyayya ga Mosko. Kwamitin da Yalta ta kafa a Mosko don sake fasalin gwamnatin Polan ya cije, Molotov na ƙin duk sunan da aka kawo. A ƙarshen wata Rasha ta gayyaci jagororin gwagwarmayar Polan 16 tattaunawa ta kame su. Churchill ya yi ta aiko saƙonni yana neman a tsaya tare. Amsoshin suna zuwa da sunan Roosevelt, amma yawancinsu Leahy da Bohlen da ma'aikata ne ke rubutawa, shi ya duba ya amince. Da Stalin ya zargi Amurka da ƙulla sulhun ɓoye da Jamus a Siwizalan, zazzafar amsar 4 ga Afrilu Leahy da Janar Marshall, babban hafsan sojan ƙasa, suka tsara ta. Churchill ya ce daga baya bai gane yadda jikin abokinsa ya yi nisa ba a makonnin nan. Ga illar a aikace: ma'aikaci na iya rubuta saƙo, amma ba ya iya sauya manufa, don haka sai ya zaɓi kalmar da ba za ta ɗaure maigida ba. Ƙawaye na karanta jinkiri a matsayin shawara, abokin hamayya na karanta shi a matsayin dama. Ɗaya daga cikin 'yan saƙonnin da ya rubuta da kansa shi ne na 11 ga Afrilu zuwa ga Churchill: a rage girmama matsalar Sobiyet don yawancin irinta kan warware, amma a tsaya da ƙarfi. Masu cewa da ya rayu da ya sasanta da Stalin da masu cewa ya riga ya juya masa baya, duk wannan saƙon suke kafa hujja da shi.

Ranar 12 ga Afrilu a Warm Springs, ana zana hotonsa, ya ce kansa na masa matsanancin ciwo ta ƙeya, ya suma. Bruenn ya auna sama da 300 bisa 190. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ya cika ƙarfe 3:35 na yamma. Ba a yi binciken gawa ba, fayil ɗinsa na Bethesda kuma ya ɓace. Abin da aka sani dalla-dalla daga bayanan da Bruenn ya wallafa ne a 1970.

Truman ya yi kwana 82 a matsayin mataimaki. Ban da zaman majalisar ministoci, sau biyu kacal suka keɓe da Roosevelt. Ba a kai shi Yalta ba, ba ya ganin saƙonnin Stalin da Churchill, cikakken bayanin bam ɗin nukiliya sai 25 ga Afrilu ya same shi. Abin da ya gada shi ne takardar Polan mai fassara biyu da mashawarta da kowa ke rantsuwa shi ya san nufin marigayi. Ya karanta takardar a zahirinta, ya ga Rasha ta karya alkawari, ranar 23 ga Afrilu ya yi wa Molotov wankin babban bargo a ofishinsa. A Mayu ya sa hannu a umarnin rage kayan tallafi, aka juyo da jiragen da ke hanyar Rasha daga tsakiyar teku, sannan aka janye umarnin bayan ɓarna ta auku.

Da ya ga zaren na neman tsinkewa, sai ya nemi mutumin da ya san abin da aka faɗa a ɗakunan Livadia, ba abin da aka rubuta kaɗai ba. Hopkins ne, yana kwance a gida. Aka tashe shi daga gadon jinya ya tafi Mosko, ya yi ta zama da Stalin daga 26 ga Mayu zuwa 6 ga Yuni. Ya warware takaddamar kujerar na-ƙi da ta tsayar da taron kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a San Francisco, ya samo jerin sunayen Polan da za a gayyata. Aka kafa gwamnatin da 'yan Lublin ke da rinjaye, Stanislaw Mikolajczyk, tsohon firaministan gwamnatin Polan mai gudun hijira a Landan, ya shiga a matsayin mataimakin firaminista, Amurka da Birtaniya suka amince da ita ranar 5 ga Yuli. Hopkins ya rasu a Janairun 1946. Zaɓen da Stalin ya ce a Yalta ana iya yi cikin wata guda sai Janairun 1947 aka yi shi, da maguɗi, kuma a Oktoban shekarar Mikolajczyk ya tsere daga ƙasar.